Jeri, Hoto, Ƙamus ko Labari: Da Wanne Za a Koya wa Yaro Ma'anar Kalmomin Turanci?

Wata rana da daddare 'yata, lokacin tana da shekara bakwai, ta kawo mini littafin karatunta fuska a murtuke. Ta ɗora yatsa a kan wata jimla: "The boy left the room." Ta ce, "Baba, littafin nan ya yi kuskure. Ai 'left' hagu ne. Yaro hagu ɗaki kuma mene ne?"

Laifin ba nata ba ne. Mako biyu kafin nan ni da hannuna na rubuta mata kalmomi ashirin a takarda, Turanci a wannan gefe, Hausa a wancan, ta haddace su tsaf har tana rera su. Abin da ban gaya mata ba shi ne kalmar tana da wata ma'anar, wato ya bar wuri ya fita, kuma a cikin labarai wannan ta biyun ce ta fi yawan fitowa. Tun daga ranar na fara kallon kayan koyar da kalmomi da idon basira. Duk wanda ke son yaronsa ya san ma'anar kalmomin Turanci na yau da kullum, zai tarar da abubuwa kusan biyar a gabansa: jerin kalmomi da fassararsu, ƙamus mai hotuna, ƙamus na Turanci zalla, littattafan labari masu sauƙi, sai kuma manhajojin waya. Kowanne yana da masu yabonsa, amma ba aiki ɗaya suke yi ba, kuma ba yaro ɗaya suka dace da shi ba.

Kafin a auna su, ya kamata a san irin kalmomin da ake magana a kansu. Idan aka ce kalmomin yau da kullum, hankalin yawancinmu yakan tafi ga "chair" da "book" da "dog". To amma masu ƙidayar kalmomi sun daɗe da gano cewa kalmomi ɗari da suka fi yawan maimaituwa a Turanci su ne kusan rabin duk abin da ake rubutawa, kuma akasarinsu ba sunayen abubuwa ba ne. Su ne irin su "the", "of", "to", "in", "have", "that", "but", "get". Ba a iya zana hotonsu, wasunsu ma ba su da takwara guda a Hausa. Bayan su akwai kalmomin aiki, sannan sunayen abubuwan da ido ke gani. A cikin dukkansu kuma akwai wata ɗabi'a mai rikitarwa: iya yawan amfani da kalma, iya yawan ma'anoninta. "Light" haske ne, fitila ce, kuma abu ne mara nauyi. "Can" iyawa ce, kuma gwangwani ne. "Well" rijiya ce, kuma lafiya lau ce. "Like" so ne, kuma "kamar" ne. Duk abin da za a saya wa yaro, da wannan ma'aunin ya kamata a gwada shi.

Jerin kalmomi da fassara shi ne wanda kowa ya fi sani, shi ne kuma aka fi zagi a tarukan malamai. Ni ban yarda da duk zagin ba. Babu hanyar da ta kai fassara saurin isar da ma'ana. Ka ce wa yaro "tomorrow" gobe ne, an gama magana cikin daƙiƙa ɗaya. Ka gwada nuna masa da hannu ko da zane, sai ku kwashe minti goma yana kallonka, ƙarshe ya ɗauka kana nufin "can nesa". Masu hana a yi wa yaro bayani da harshen uwa gaba ɗaya suna jefar da babbar dukiyar da ya zo da ita, domin ɗan shekara shida ya riga ya san mene ne gobe, mene ne tsoro, mene ne aro. Sunan kawai yake nema.

Matsalar jeri tana wani wajen: yana koya wa yaro cewa kowace kalmar Turanci tana da abokiyar zama ɗaya tak a Hausa. Harsunan biyu kuwa ba haka suka yanka duniya ba. Mu muna da "ji" guda ɗaya: ka ji magana, ka ji sanyi, ka ji ƙamshi, ka ji Larabci. Bature ya raba wannan gida huɗu: "hear", "feel", "smell", "understand". Yaron da ya haddace cewa ji shi ne "hear", ba makawa wata rana zai ce "I am hearing cold." Hannu a wurinmu ya taso tun daga kafaɗa har yatsu, su kuwa suna da "arm" suna da "hand". Haka ƙafa, "leg" da "foot". Rana ta rabu zuwa "sun" da "day", wata zuwa "moon" da "month". Aro ɗaya muke da shi, mu ce ara mini ko na ara, su kuwa mai karɓa "borrow" yake yi, mai bayarwa "lend", shi ya sa "borrow me your pen" ba ta ƙarewa a bakin ɗalibai. Muna shan magani, su "take" suke yi. Muna cin jarrabawa, su "pass". Ta ɗaya ɓangaren kuma mu ne muka fi su rarrabewa: kai da ke da ku duk "you" ne, wa da ƙane duk "brother", kawu da baffa duk "uncle". Jeri mai layi biyu ba shi da gurbin da zai faɗi ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Akwai kuma wani tarko da iyaye da yawa ke faɗawa idan suka sauko da jeri daga intanet. Shahararren jerin nan na Edward Dolch, malamin jami'a a Amurka, wanda ya fitar a 1936, kalmomi 220 ne, kuma an tsara shi ne don yaran da Turanci ne harshen gidansu. Su sun riga sun san ma'anar "would" da "which" tun kafin su shiga aji, abin da ake so kawai su gane kalmar da zarar sun gan ta a rubuce. Idan aka ba yaronmu wannan jeri ba tare da ma'ana ba, zai iya karanta shafi guda ba tuntuɓe alhali bai san abin da ya karanta ba. Jerin da aka yi musamman don baƙin harshe daban ne, kamar wanda Michael West ya wallafa a 1953 mai kalmomi kusan 2,000, ko jerin kalmomin jarrabawar yara ta Cambridge mai matakai uku: Starters da Movers da Flyers. Irin waɗannan suna da amfani ga babba, domin su nuna masa kalmar da ya kamata a fara da ita. Amma ba abin miƙa wa yaro ba ne a ce je ka haddace.

Idan an zaɓi jeri, gyara biyu suna canja shi baki ɗaya. Na farko, a yayyanka shi zuwa ƙananan katuna. Yaro yana haddace jeri ne kamar waƙa, kalma ta uku tana jawo ta huɗu, in ka tsallake layi sai ya tsaya cak. Kati kuwa ana cakuɗa shi. Na biyu, a raba bitar a kan kwanaki. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus na Jamus ya nuna cewa mafi yawan mantuwa tana aukuwa ne jim kaɗan bayan koyo, daga nan sai ta rage gudu. A 1972 wani Bajamushe kuma, Sebastian Leitner, ya bayyana tsarin akwatuna: katin da yaro ya ci ya matsa gaba a daɗe ba a waiwaye shi ba, wanda ya faɗi ya koma akwatin farko a sake tambayarsa gobe. Kwalaye uku ko ambulan uku sun isa yin wannan a gida.

Ƙamus mai hotuna tsohon tunani ne. A 1658 malamin nan John Amos Comenius ya fitar da littafin koyar da Latin mai zane a kowane babi, an sa wa abubuwan da ke cikin zanen lambobi, sunayensu na biye. Har yau tsarin bai canja sosai ba. Ga yaron da bai fara karatu ba, ɗan shekara uku zuwa shida, ban ga abin da ya kai shi ba. Zai zauna a cinyarka yana nunawa kana faɗa, gobe kai ka nuna shi ya faɗa. Kuma hoto yana warware wasu matsalolin da fassara ta kasa: zanen mutum da kibiya ɗaya a damtse, ɗaya a tafin hannu, ya raba "arm" da "hand" ba sai an yi dogon bayani ba.

Sai dai hoto ba ya magana. Zanen yaro yana gudu, an rubuta "run" a ƙasa: yaron ne "run", ko gudun, ko saurin, ko jan wandon da ya sa? In babu babba a kusa, mai kallo zai zaɓi wanda ya ga dama, kuma zai iya riƙe kuskuren tsawon shekara. Sannan masu irin waɗannan littattafai suna bin abin da ke da kyan zanawa ne, ba abin da aka fi faɗa ba. Za ka samu "giraffe" da "astronaut" da "volcano" da launuka masu ɗaukar ido, ka nemi "because" ko "enough" ko "still" ka rasa. Akwai wani abu kuma da ban sani ba sai daga baya. Littattafan suna tara kalmomi 'yan gida ɗaya a shafi ɗaya: launuka goma a nan, sassan jiki ashirin a can. A ido tsari ne mai kyau, amma masu binciken koyon harshe, ciki har da Paul Nation na ƙasar New Zealand, sun yi gargaɗin cewa koyon sababbin kalmomi masu kama da juna a zama ɗaya yana sa su cakuɗe a kai. Duk wanda ya koya wa yaro "left" da "right" rana ɗaya, ko "push" da "pull", ya san haka: yaron ya san ɗaya hagu ce ɗaya dama, amma wacce ce wacce? Gara a ɗauki ɗaya ta zauna, bayan kwanaki a kawo 'yar'uwarta.

Bari in tsoma wata hanya a nan wadda ba a sayenta, don tana cike giɓin da hoto ya bari. Ka ba da umarni, yaro ya aikata da jikinsa: "stand up", "put the spoon under the cup", "give it to your sister". Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, James Asher, shi ya tsara wannan a matsayin hanyar koyarwa a shekarun 1960, amma kowace uwa ta san ta, da ita yaro ya koyi harshensa na farko. Kalmomin aiki da irin su "in", "on", "under", "behind" sun fi shiga ta nan fiye da ta kowane littafi, kuma nan take za ka ga ko ya gane, tunda cokalin ko dai yana ƙarƙashin kofi ko ba ya nan.

Ƙamus na Turanci zalla shi ne wanda iyaye suka fi jin sun yi abin kai idan suka saya, shi ne kuma ya fi yawan kwana a kan kanta yana shan ƙura. Dalili a fili yake: yaron da bai san "borrow" ba, aka bayyana masa ita da wasu kalmomi takwas da bai san uku daga ciki ba, bai ƙaru da komai ba sai gajiya. Amma a nan ma akwai iri biyu, kuma bambancinsu babba ne. Akwai wanda aka rubuta don 'ya'yan Turawa, akwai wanda aka rubuta don masu koyo. Na biyun ya samo asali ne daga malaman da suka koyar a ƙasashen waje. Michael West, wanda ya yi aiki a yankin Bengal na Indiya, ya fitar da ƙamus a 1935 wanda duk bayanansa ba su fita daga kalmomi ƙasa da 1,500 ba. A. S. Hornby ya koyar a Japan, ƙamusinsa ya fara fitowa a can a 1942, daga baya maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta ɗauke shi a 1948. Na kamfanin Longman da ya fito a 1978 ya taƙaita bayanansa a cikin kalmomi kusan 2,000. Ka ga ke nan, ko mafi sauƙinsu yana sa ran mai buɗe shi ya zo da guzurin kalmomi dubu ɗaya da ɗoriya. Wanda ya kai nan, galibi ɗan shekara goma sha ɗaya zuwa sama, zai samu abin da babu a sauran: ma'anoni a jere, kowacce da jimlar misali, da bambancin "look at" da "look for" da "look after", waɗanda kallo ne da nema da kulawa. Wanda bai kai ba, a dakata masa.

Ƙamus na Turanci zuwa Hausa kuwa, ni a ganina na babba ne, ba na yaro ba. Mai kyau a cikinsu, kamar wanda Roxana Ma Newman ta wallafa a 1990, yana rarraba ma'anonin kalma da misalai. Uba ko uwa ko malami ya duba, ya zaɓi ma'anar da ta dace da jimlar da ke gaban yaro, ya faɗa masa da baki.

Yanzu sai littattafan labari masu mataki-mataki, waɗanda ake rubutawa da ƙayyadaddun kalmomi, matakin farko 'yan ɗaruruwa, na gaba a ƙara. A nan ne zuciyata ta fi karkata, kuma zan faɗi dalili. Labari ne kaɗai yake kawo kalma tare da maƙwabtanta. Yaron da ya ci karo da "get up" a shafi na biyu, "get home" a na biyar, "get angry" a na tara, ya fara jin cewa "get" ba abu ɗaya ba ce, ko da ba zai iya bayyana hakan ba. Ƙananan kalmomin nan da ba su zanuwa, ba su kuma fassaruwa, irin su "the" da "of" da "would", babu inda ake koyonsu sai a cikin jimloli masu yawa. Kuma labari yana maimaita kalma ba tare da yaro ya ji ana yi masa bita ba, domin hankalinsa na kan ko kare zai sami hanyar gida.

Sharaɗinsa ɗaya ne, kuma a nan aka fi yin kuskure: dole littafin ya yi sauƙi ƙwarai. Binciken Nation da abokan aikinsa ya nuna cewa mai karatu yana bukatar sanin kusan kashi 98 cikin ɗari na kalmomin rubutu kafin ya fahimce shi shi kaɗai ba mai taimako. Wato baƙuwar kalma ɗaya a cikin hamsin. Mu kuwa iyaye mukan zaɓi littafi mai kauri don mu ga yaro ya ci gaba, sai ya tarar da baƙin kalmomi biyar a kowane layi, ya rufe, mu ce ba ya son karatu. Gwajin mai sauƙi ne: a buɗe shafi daga tsakiya, ya karanta, ya lanƙwasa yatsa duk inda ya ci karo da kalmar da bai sani ba. In yatsun hannu ɗaya suka ƙare kafin shafin ya ƙare, a koma matakin baya. Rauninsa na biyu shi ne jinkiri. Kalma tana bukatar a haɗu da ita sau da yawa kafin ta zauna, kuma yaro yana iya yin hasashen ma'ana ya kuskure. Maganin wannan shi ne babban da ke zaune kusa, wanda zai jefa fassarar a taƙaice, "ya fita ke nan", a ci gaba da labari ba tare da an mai da shi darasi ba.

Manhajojin waya ba zan daɗe a kansu ba. Abu ɗaya suke da shi wanda takarda ba ta da shi, kuma ba ƙarami ba ne: murya. Hausa yadda aka rubuta haka ake karantawa, Turanci kuwa "though" da "through" da "enough" ƙarshensu ɗaya a rubuce, furucinsu uku. Idan babban da ke gida bai amince da furucinsa ba, manhaja ko ƙamus mai sauti zai taimaka. Bayan wannan, yawancinsu ƙamus mai hotuna ne da aka sa wa ƙararrawa. Yaro yana taɓa hoto ɗaya cikin huɗu, in ya kuskure ya taɓa na gaba, taurari su zubo, alhali gane kalma a cikin zaɓi huɗu daban ne da iya fito da ita daga kai. Ga ƙanana kuma akwai batun lokaci: Hukumar Lafiya ta Duniya a shawararta ta 2019 ta ce 'yan shekara biyu zuwa huɗu kada su wuce awa ɗaya a rana gaban allo. Manhajar fassara kuwa, in aka ba ta kalma tilo, ma'ana ɗaya za ta fara miƙowa, mun koma matsalar jeri ke nan. A ba ta jimla cikakkiya.

To, a taƙaice wa zai ɗauki me? Yaron da bai fara haɗa baƙi ba, a ba shi hotuna da umarnin da zai aikata da jiki, babba na gefe. Daga shekara shida ko bakwai zuwa goma, littattafan labari masu sauƙi su zama ginshiƙi, a riƙa tsamo kalmomi biyar ko shida daga cikin labarin ana yi musu kati. Daga nan zuwa sama a ƙara ƙamus na masu koyo, a kuma zauna da shi sau biyu ko uku a nuna masa yadda ake sauka ƙasa a nemi ma'ana ta biyu da ta uku, don yara kan tsaya a ta farko. Wanda kuma abu ɗaya kawai zai iya samu, ni dai zan ce ya ɗauki littattafan labari, domin kati ana yin sa da hannu, hoto ana nuna shi a cikin ɗaki, amma jimloli masu daɗi da aka auna wa yaro ba kowa ke iya ƙirƙirarsu ba.

Katunan gidanmu ma sun canja tun daga wancan dare. Ba na ƙara rubuta kalma tsirara. A gaban katin akwai jimla, an ja layi a ƙarƙashin kalmar da ake nufi, a baya kuma ma'anarta a wannan jimlar kaɗai. "Left" tana da kati biyu. Na farko yana ɗauke da "Raise your left hand." Na biyu, wanda 'yar tawa ta rubuta da fensirinta bayan mako guda, yana ɗauke da jimlar yaron da ya bar ɗaki.